MAI FARFAƊIYA ƊAN'UWA NE, BA ABIN GUDU BA



Sanin kowa ne cewa a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, tun daga Dawakin Tofa da Bichi da Bagwai har zuwa Tsanyawa da Kunci da Makoɗa da Ɗambatta, jama'a ba su san gudun mara lafiya ba. Gida yana jikin gida, gona tana jikin gona, kowa ya san kowa. Idan zazzaɓi ya kayar da magidanci da safe, kafin azahar zaurensa ya cika da 'yan dubiya, wannan da kunu, wancan da addu'a. Amma akwai ciwo guda ɗaya da ya karya wannan kyakkyawar ɗabi'a, shi ne farfaɗiya. Da zarar bawan Allah ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ko a bakin rijiya, ko ma a cikin sahun salla, sai ka ga an dare, an yi masa zobe daga nesa, wani yana toshe hanci, wani yana janye ɗansa, shi kuwa yana nan yana buga kansa da ƙasa babu mai tallafa masa.

Wannan gudu zalunci ne, ko da masu yinsa ba su yi niyyar zalunci ba, kuma tushensa rashin sani, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Farfaɗiya ciwo ce ta ƙwaƙwalwa mai sababi kuma mai magani, ba a ɗaukarta daga jikin mai ita, kuma sau da yawa abin da yake halaka mai farfaɗiya shi ne wutar murhu ko ruwan kududdufin da ya faɗa ciki alhali mutane suna tsaye suna kallo.

ABIN DA JAMA'A SUKA ƊAUKA

Abubuwa uku ne suka kafu a zukatan mutane game da wannan ciwo. Na farko, cewa kumfar da take fita daga bakin mai farfaɗiya, ko yawunsa, ko iskar da ta kuɓuce masa a lokacin faɗuwa, suna sa wa wanda ya kusance shi ciwon. Saboda haka ake ware masa kwano da moɗa da tabarma. Na biyu, cewa duk wanda ya faɗi aljani ne ya buge shi, ko kuwa sammu aka yi masa. Na uku, cewa abin gado ne na dangi, don haka gidan da aka san akwai mai farfaɗiya sai a daina zuwa neman aure cikinsa, su kuma mutanen gidan sai su shiga ɓoye yaron a ɗaki don kada asirinsu ya tonu.

Kada wani ya zaci wannan tunani na mutanen karkara ne kawai. A shekarar 2005 wasu likitoci na Kano sun wallafa binciken da suka yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, a tsakiyar birni, inda suka tambayi manyan mutane ra'ayinsu game da farfaɗiya. Kusan rabinsu sun fifita neman waraka ta hanyar tofi da addu'o'i a kan zuwa asibiti, wasu kuma suka zaɓi saiwoyi da sassaƙe. Idan haka lamarin yake a unguwar da take maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, to yaya ke nan a ƙauyen da sai an hau babur an yi tafiya mai nisa kafin a ga malamin asibiti?

Gaskiyar magana ita ce, ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki ne da wasu saƙonni masu kama da wutar lantarki, waɗanda suke gudana a tsare cikin ikon Allah. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwar ya samu rauni ko tabo, sai saƙonnin su riƙa ɓarkewa gaba ɗaya lokaci guda, jiki ya sandare, ya kama jijjiga, hankali ya gushe na ɗan lokaci. Kumfar kuwa yawu ne kawai da mutum ya kasa haɗiyewa. Babu wata ƙwayar farfaɗiya a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne suke da wannan ciwo a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma ba a taɓa samun wanda ya kamu da ita saboda ya taɓa mai ita ba.

DARASI DAGA BAKIN KOGUNA

Wanda yake son ya ga yadda zato yake rushewa idan ilmi ya zo, to ya dubi abin da ya faru a garuruwan da makantar kogi ta addaba. Wannan ciwo wata tsutsa ce take kawo shi, kuma wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai cizo da rana ne yake ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Ƙudan ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu da ƙarfi, musamman inda yake dukan duwatsu. Uwar tsutsar tana zama cikin wani ƙulluto a ƙarƙashin fata har shekara 10 zuwa 15, tana zuba 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani. Su ne suke yawo a fata su kawo ƙaiƙayin da yake hana barci, su ɓata ƙwauri ya koma dabbare-dabbare kamar fatar damisa, idan kuma suka shiga ido, a hankali gani ya tafi. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan ciwo.

To, an daɗe da lura cewa a irin waɗannan garuruwa farfaɗiya tana da yawa fiye da ƙima. Yaro zai taso lafiya lau, yana tsakanin shekara 3 zuwa 18 sai ya fara faɗuwa, kuma a gida ɗaya a samu yara biyu ko uku. Mutanen garin sai suka ce gado ne, wasu suka ce maita ce, wasu suka ce aljanun ruwa ne. A yankin Mahenge na Tanzaniya, tun cikin shekarun 1960 wata likita mai suna Louise Jilek-Aall ta ba da labarin yara masu wani irin ciwo da yake sa kansu ya riƙa faɗowa gaba kamar masu gyangyaɗi. Daga baya aka ga irinsa a Sudan ta Kudu da arewacin Yuganda, kuma duk wuraren da aka gan shi wurare ne na wannan baƙin ƙuda.

A ƙasar Kamaru, a kwarin kogin Mbam, masu bincike sun auna yawan 'ya'yan tsutsar a fatar ɗaruruwan yara tsakanin 1991 da 1993. A 2017 aka koma ana neman labarin waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar cewa gwargwadon yawan tsutsar da yaro yake ɗauke da ita a wancan lokaci, gwargwadon haɗarin ya kamu da farfaɗiya daga baya. Ashe abin da ya haɗa 'yan gida ɗaya a kan ciwo ɗaya shi ne kogin da suke wanka da wanki da noma a bakinsa tare, ƙuda ɗaya yana cizonsu.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce abin da ya biyo bayan magani. Tun 1987 kamfanin Merck na Amurka yake ba da ƙwayar Mectizan kyauta, wadda take kashe 'ya'yan tsutsar, kuma daga 1995 aka tsara cewa mutanen gari da kansu za su zaɓi masu raba ta, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadin da ya dace da shi. A arewacin Yuganda, da aka fara ba da ita sau biyu a shekara daga 2012, aka kuma zuba maganin kashe ƙwan ƙudan a koguna, sai aka daina samun sababbin yara masu wancan ciwo na gyangyaɗi. A nan Nijeriya, a garuruwan bakin kogin Imo inda a da aka san farfaɗiya da yawa, binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna ta ragu ƙwarai bayan sama da shekara 20 ana shan Mectizan. Tambayar da ta rage ga mai hankali ita ce: idan da gado ne, ko aljanun ruwa ne, me ya haɗa su da ƙwayar maganin tsutsa?

INA RUWAN MUTUMIN BICHI DA WANNAN?

Wani ɗan'uwa zai ce ai arewacin Kano ba ƙasar baƙin ƙuda ba ce.  Kogunan wannan yanki na yashi ne, damina ce take cika su, rani ya busar da su, don haka ƙudan ba ya cika samun wurin zama. Inda aka fi sanin ciwon a Jihar Kano shi ne kudanci, wajen Doguwa da Tudun Wada, inda Kogin Kano yake gangarowa daga duwatsu ya ratsa dajin Falgore. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙarancin gona a wannan yanki mai cunkoso shi yake tura matasa cin rani da ƙwadagon noma zuwa kudancin jihar da Taraba da sauran ƙasashen koguna, wasu har su kwashe iyali su zauna shekaru. Duk wanda ya zauna a irin waɗannan wurare, idan masu rabon Mectizan suka zo, ya karɓa ya sha, ya kuma tabbatar an ba duk yaron da tsawonsa ya kai. Ƙananan yara da masu juna biyu da masu ciwo mai tsanani suna cikin waɗanda ake tsallakewa. Kada ya saurari masu cewa maganin hana haihuwa ne. Da irin wannan ƙwaya aka kai ga dakatar da rabon magani a jihohin Filato da Nasarawa a 2018 saboda yaɗuwar ciwon ta tsaya, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa maƙwabciya Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar kogi, ita ce ta farko a Afirka. Sai dai a kiyaye: Mectizan rigakafi ce ga yaron da bai kamu ba. Ba ta warkar da farfaɗiyar da ta riga ta kama mutum. Wannan tana da nata maganin daban.

Babban darasin kuma ya wuce maganar ƙuda. Kamar yadda farfaɗiyar bakin kogi ta zama tana da sababin da ake iya tarewa, haka ta Kunci da Ɗambatta take da nata sababan, kuma kowa ya san su da ido. Akwai doguwar naƙuda a gida, wadda jariri yake fitowa bai yi kuka ba saboda ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, wanda yake sumar da yaro a tsakiyar damina. Akwai sanƙarau, kuma dattawan wannan yanki ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da kurumta, wasu da tabo a ƙwaƙwalwa. Akwai buguwar kai a haɗarin babur, wanda matasa suka fi kowa faɗawa ciki saboda gudun wuce sa'a da ƙin sa hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya abin da ake iya karewa ne. Awon ciki, haihuwa a hannun ungozomar asibiti, gidan sauro, allurar rigakafi da hular kwano, duk makamai ne na yaƙi da farfaɗiya.

ME ADDINI YA CE?

Babu Musulmin da yake musun samuwar aljanu, kuma babu mai raina addu'a. Amma jingina kowace faɗuwa ga aljani magana ce ba da ilmi ba, kuma malaman farko ba su yi haka ba. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya bambanta faɗuwar da ake dangantawa da ruhohi da wadda take tasowa daga lalurar jiki, wadda ita ce likitoci suke magana a kan sababinta da maganinta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin farfaɗiya a littafinsa na likitanci a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Saboda haka wanda ya yi wa ɗansa tofi sannan ya kai shi asibiti ya haɗa alheri biyu. Wanda kuwa ya tsare yaro a ɗaki ana yi masa hayaƙin barkono, ana dukansa da sunan fitar da aljani, ana karɓar akuya da kuɗi shekara da shekaru, wannan ya cuci yaron, kuma zai amsa tambaya.

Sannan a duba ƙissar baiwar Allah nan baƙar fata, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas. Ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan cewa tana faɗuwa kuma jikinta yana buɗewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri, amma ta nemi ya roƙa mata kada tsiraicinta ya riƙa bayyana, ya kuwa roƙa mata. Ba a kore ta daga majalisi ba, ba a ware mata ƙwarya ba. Hasali ma Ibn Abbas nuna ta yake yi ga almajirinsa a matsayin 'yar Aljanna mai tafiya a bayan ƙasa. Abin da ya dame ta shi ne sutura. To, ina matsayin wanda yau mace za ta faɗi a kasuwa zaninta ya kwance, maimakon ya cire rigarsa ya rufe ta, sai ya tsaya kallo, ko ma ya zaro waya yana ɗauka?

ABIN YI IDAN MUTUM YA FAƊI

Wannan shi ne abin da ya kamata kowane matashi ya haddace kamar yadda ya haddace farillan alwala. Ya matsa kusa, ya janye mutumin daga wuta ko ruwa ko titi, ya kawar da duk abin da zai ji masa ciwo. Ya sa hula ko riga a ƙarƙashin kansa, ya sassauta masa wuyan riga, ya suturta shi, ya kori 'yan kallo. Da jijjigar ta lafa, ya juya shi ya kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zubo waje kada ya shaƙe shi. Ya zauna tare da shi har hankalinsa ya dawo, ya yi masa magana mai daɗi, ya raka shi gida.

Abubuwan da ba a yi kuwa su ne: ba a cusa cokali ko tsinke ko yatsa a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ma yake karya haƙori. Ba a danne shi da ƙarfi. Ba a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja yana cikin wannan hali, domin huhu za su tafi. Ba a kara ƙafarsa a wuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yawancin faɗuwa tana wucewa da kanta cikin minti biyu ko uku. Idan ta haura minti biyar, ko ta dawo kafin mutum ya farfaɗo, ko ya ji mummunan rauni, ko mace ce mai ciki, to a nemi abin hawa a nufi asibiti nan take.

Game da magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samunsa. Magungunan ba sababbi ba ne. Fenobabiton tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin mafi araha, akwai kuma kabamazafin da wasunsu. Likita ne yake zaɓar wanda ya dace, ba mai kemis ko mai tallan magani a kasuwa ba. Ana iya farawa daga babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, idan abin ya buƙaci ƙwararru a tura mutum Dawanau ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Sharaɗin maganin shi ne a sha kullum a kan lokaci, ko da an yi wata da watanni ba a faɗi ba, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da faɗuwa mai kisa. Idan azumi ya gabato, a koma wajen likita ya tsara yadda za a sha. Matar da take shan magani kuma tana sa ran ɗaukar ciki ta sanar da likita tun da wuri. Kafin faɗuwar ta tsaya, mai ciwon ya nisanci zama shi kaɗai a gaban murhu, da jan ruwa a rijiya, da hawan kuka ko ɗorawa, da wanka ko su a madatsun Tomas da Watari, da tuƙa babur, ya kuma guji rashin barci.

NAUYIN DA YAKE KAN MATASA

Matasa su ne suke cika sahun gaba, su ne malaman Islamiyya na dare, su ne 'yan agaji, su ne masu babur ɗin da ake kai mara lafiya asibiti. Idan suka gyara fahimtarsu, ta gari ta gyaru. Malamin da yake da ɗalibi mai farfaɗiya kada ya sallame shi, ya koya wa sauran yara yadda za su taimake shi, domin mafi yawan masu wannan ciwo hankalinsu da basirarsu daidai suke da na kowa. Wanda yake da aboki mai ita ya ci abinci kwano ɗaya da shi a bainar jama'a, wannan ya fi wa'azin awa guda tasiri. A maganar aure, a faɗi gaskiya tun farko, kada a ɓoye, amma kuma a sani cewa mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa gadonta, kuma mai shan magani yana noma, yana kasuwanci, yana riƙe gida. Inda talauci ya hana iyaye sayen magani, 'yan'uwa su haɗa taro da sisi su ɗauki nauyin wata-wata, domin kuɗin bai kai abin da ake kashewa a wajen masu tsubbu ba.

Su ma mahukunta akwai nasu. A 2022 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, sun amince da wani shiri na shekara goma a kan farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya. Alkawari a takarda ba ya hana yaro faɗawa wuta. Abin da talakan Tsanyawa da Makoɗa yake buƙata shi ne ya tarar da maganin a ƙaramin asibitin da yake kusa da shi, da ma'aikacin da aka horar ya gane ciwon, ba sai ya sayar da tunkiya ya shiga birni ba. Haƙƙin jama'a ne su tambayi kansilolinsu da shugabannin ƙananan hukumominsu wannan, da ladabi amma ba da gajiyawa ba.

A kowane ƙauye na wannan yanki akwai yaron da aka cire daga makaranta, ko budurwar da ta wuce sa'o'inta a ɗaki, ko mai tabon ƙuna a hannu, ba don komai ba sai wannan ciwo. Mutanen garin sun san su da sunayensu. Ɗan'uwan da ya karanta wannan, kafin wata Juma'ar ya je gidan ɗaya daga cikinsu, ya gai da iyayen, ya tambaye su ko an taɓa kai shi asibiti, idan ba a taɓa ba ya ce ga babur ɗinsa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa a dace.